Abin da ke ƙarƙashin bargon Baba

Baba ya faɗi ne a rumfarsa da ke kasuwar Katako, yana cikin auna wa wani kafinta katako. Shanyewar ɓarin jiki, in ji likita. Hannun dama da ƙafar dama suka mutu, baki ya karkace, magana ta koma kamar ta wanda ya cika bakinsa da ruwa. Hankalinsa kuwa, iya abin da na gani, bai taɓu ba. A shekarun ne wayar hannu ta fara yawa a Jos, ni kuma ban daɗe da gama jami'a ba, ina koyarwa a wata makarantar kuɗi.

Da aka sallame mu daga asibiti sai maganar jinya ta taso. Baba ƙato ne, mutumin da ya yi rayuwarsa yana ɗaga katako. Inna gwiwoyinta sun gaji, da ƙyar take hawa dakalin ƙofar gidanmu a Dilimi. Ƙanena yana tuƙa bas daga Tina Junction, sai dare yake dawowa. Ni kuma ina makaranta har la'asar. Wani abokin cinikin Baba ne ya gaya mana cewa wata nas da ta yi ritaya ta buɗe gidan jinya a bayan gari, tana karɓar irin waɗannan marasa lafiya, har motsa jiki ake yi musu. A wurinmu kai mahaifi irin wannan gida ba abin faɗa ba ne, kuma mun sha magana a unguwa. Muka ce na ɗan lokaci ne, har ya fara iya zama.

Na je na duba wurin kafin mu kai shi, na sake komawa ma, don ni mutum ne mai yawan wasiwasi. Sabon fenti, furanni a bakin ƙofa, ɗakin maza daban na mata daban. Mai gidan, wadda kowa ke kira Madam, ta nuna mini banɗaki da kicin da abin awon jini. Ta ce ziyara ranar Juma'a ce bayan masallaci, sai Lahadi da yamma, domin yawan shige da fice yana hana marasa lafiya hutawa. Maganar ta yi mini kama da ta hankali.

Duk ranar da muka je za mu tarar da Baba a jingine da matashin kai, sanye da farar rigarsa da hula, an ja masa bargo har ƙirji. A sanyin Jos ba mai mamakin bargo. Ɗakin kuma ƙamshi yake yi, saboda Inna ba ta zuwa sai da turaren wuta da kwalbar turare, ma'aikatan su karɓa har da rusunawa.

Ni ne ɗan fari. Tun ina yaro Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" ne, da na gama jami'a ya mayar da shi "Malam", rabi girmamawa rabi tsokana. Ban taɓa ganinsa ba riga ba. In na je ziyara, kujerar wajen ƙafafunsa nake zama, in gaishe shi ina kallon ƙasa. Inna ba za ta taɓa jikin mijinta a gaban 'ya'ya ba, iyakarta ta gyara bakin bargo. Baffa, ƙanen Baba, ya yi addu'a mu shafa. Haka muke kewaye gadon, kowa da ladabinsa, ba wanda hannunsa ya wuce gefen bargo. Wani lokaci Baba ya yi nishi, ya bugi katifa da hannun hagu, hawaye ya zubo masa. Ma'aikaciyar ɗakin ta ce haka masu wannan ciwo suke, kuka ba dalili. Shi kuma a gaban 'ya'yansa ba zai nuna inda ke masa ciwo ba. Ban ce Madam ta zauna ta tsara wannan ba, ba ni da shaida. Amma ta yi shekaru tana aiki a cikin Hausawa, kuma ina jin ta san daidai inda idonmu yake tsayawa.

Babbar sallah ta matso, Inna ta ce ba za a yanka rago maigida yana gidan wasu ba. Madam ta ce girgizar mota ba ta da kyau gare shi. Ni da ni kaɗai ne, wataƙila da na haƙura. Ƙanena ba ya jin irin wannan. Ranar jajibiri da hantsi ya ɗauko bas ɗinsa ya ɗauke ni, muka tafi. Ba ranar ziyara ba ce, Madam kuma ba ta nan.

Tun daga baranda wari ya tare mu. Ba warin fitsari kaɗai ba, akwai wani a ƙarƙashinsa, irin na naman da aka manta a leda. Sai a lokacin na gane aikin da turaren Inna yake yi. Farar rigar Baba tana rataye a ƙusa, an tsaga bayanta daga wuya har ƙasa, yadda za a zura masa ita ta gaba ba sai an ɗaga shi ba. Rigar sallarsa ce ta bara. Na tsaya ina kallon tsagar, da almakashi aka yi ta, a miƙe sarai.

Ƙanena ya ce, "Yaya, kama ƙafafun."

Ya yaye bargon. A ƙarƙashin Baba akwai baƙar leda mai kauri, irin wadda ake rufe siminti da ita lokacin damina. Da muka ɗaga shi sai ledar ta biyo bayansa. Ƙanena ya sa hannu ya ja. Ƙarar da ta yi ba zan kwatanta ta ba. Baba ya yi ihun da ban taɓa jin irinsa daga bakinsa ba.

A ƙasan bayansa akwai rami, faɗinsa ya kai tafin hannu, gefensa baƙi, cikinsa ruwan ɗorawa, yana tsatstsafo da ruwa. Akwai wani a ƙugu, duga-dugansa duka biyu sun yi baƙi. An shafa shuɗin magani an barbaɗa hoda a kai, hodar ta cakuɗe ta zama kamar ƙullu. Ƙudaje suka sauka nan take, kamar sun saba.

Ma'aikaciyar ta tsaya a bakin ƙofa tana murza hannu. Ta ce, "Oga, ni kaɗai ne a ɗakin maza da na mata. Baba yana da nauyi. Madam ya ce kar katifa ya lalace."

A gadon da ke kusa akwai wani tsoho, tsohon ma'aikacin kuza, wanda ban taɓa ganin mai ziyartarsa ba. Ido kawai ya bi mu da shi. Bakin baƙar leda ya leƙo daga ƙarƙashin nasa bargon.

Asibiti muka wuce, a can muka yi sallar. Likitan da ya duba Baba ya ce gyambon kwanciya ne. Wanda ba ya iya motsi ana juya shi ne kowane awa biyu, a tsabtace shi, a busar da fatar. In an bar shi a ɓari ɗaya, naman da ke tsakanin ƙashi da katifa sai ya mutu. Ya ce wannan ba aikin kwana biyu ba ne. Na tambaye shi ko zai rubuta cewa sakaci ne. Ya gyara tabarau ya ce shi abin da ya gani zai rubuta, ba abin da ya jawo shi ba. Daga baya aka ce mini sun taɓa aiki tare da Madam. Ban bincika ba, saboda haka ba zan ɗora masa komai ba.

Wata malama a makarantarmu ce ta kwatanta mini ofishin wata lauya da ke taimaka wa marasa ƙarfi kyauta. Bayarabiya ce haifaffiyar Jos, ofishinta a saman wani shagon taya, janareto yana ta ruri a ƙasa. Na yi sallama na tsaya ina kame-kame.

Ta ce, "Zauna, Oga mai digiri. Me ka karanta?"

Na ce labarin ƙasa.

"To yau za ka ji labarin kotu. Faɗa mini, kar ka yi mini kwana-kwana."

Na faɗa mata, da duk "wataƙila" da "ina jin" ɗina. Ta karanta takardar likita ta ajiye. Ta ce hanya biyu ce. Akwai ƙorafi zuwa ma'aikatar da ke ba irin waɗannan gidaje izini, don a je a duba a rufe wurin. Akwai kuma ƙara a kotu kan sakaci, amma ita tana jan lokaci. Duka biyun suna buƙatar abu guda.

Ta ce, "Wannan takarda ya ce akwai ciwo. Madam zai ce ɗan ƙurji ne, jikin tsoho ne, asibiti ne ya yanka ya ƙara girma. Takarda ba ya wari, Oga. Ina son hoto. A sa rula a gefen ciwon, a sa jaridar ranar. Kuma yanzu, ba bayan wata ɗaya ba. Ciwo ba ya jiran lauya. Ko ya warke, ko kuma..." Ba ta ƙarasa ba.

Na tambaye ta wa zai ga hoton. Ta lissafa: mutanen ma'aikata, alƙali, magatakarda, lauyan Madam. Ta ce, "Mutum nawa ka bari a gidan can?"

Na ce a ɗakin maza akwai uku, na mata ban leƙa ba.

"To suna kan leda yanzu da muke magana."

Da na kai maganar gida Baffa ya cire hula ya ajiye a gwiwa. Ya ce, "Kai ɗan boko, tsaya in gane. Tsiraicin ɗan'uwana za a ɗauka a hoto? A kai wa mai wankin hoto na bakin titi, surukin maƙwabcinku, ya ɗaga shi a fitila yana dubawa? Daga nan a miƙa wa alƙali, ana juyawa hannu zuwa hannu? Mutumin da ya yi limancin rumfunan Katako? Ita matar ta ci mutuncinsa a ɗaki, kai za ka ƙarasa a kasuwa." Inna kuka kawai take yi. Ƙanena ya ce shi a bar shi da Madam, ba ya buƙatar hoto. Wannan ya fi komai tsorata ni.

Ba zan ce maganar Baffa ba ta da tushe ba. Na yi kwanaki ina juya ta, in yarda da shi da safe, in yarda da lauya da yamma. A asibiti kuma kullum ana yanke mataccen naman ana wankewa, ramin yana sauya kama.

Ana cikin haka Madam ta zo gidanmu ban haƙuri. Ta zo da dattawa, har da wani mai unguwa da abokin cinikin Baba da ya kwatanta mana wurin, da katan ɗin lemo da ayaba. Ta durƙusa a gaban Inna. Ta ce ita ma uwa ce, ma'aikaciyar ce ta ci amanarta kuma ta kore ta, sannan kowane ciwo da lokacinsa. Dattawan suka ce ƙaddara ce, musulmi da kirista duk zaman tare ake yi, kada a kai ƙaramar magana inda za ta girma. Ba wanda ya ambaci leda. Ba wanda ya tambayi ina aka kwantar da Baba don ya je ya duba shi. Baffa ya yi gyaran murya ya ce, "Mun yafe, duniya da lahira." Aka shafa fatiha, aka buɗe lemo. Na ga Baffa ya ɗaga kwalba yana sha, maƙogwaronsa yana hawa yana sauka, sai warin ɗakin nan ya dawo mini a hanci. Na tashi na zagaya bayan gida na yi amai.

Washegari na koma wurin lauya na ce mata ina jin magana ta ƙare, manya sun yafe.

Ta ce, "Baffanka ne ya kwanta a kan leda?"

Na ce a'a.

"Baba yana cikin hankalinsa?"

Na ce iya sanina, e.

"To shi ke da yafewa, shi ke da bayansa. Kun yi taro, kun yi fatiha, kun sha lemo, wa ya tambaye shi?"

Na ce mata ni ɗan fari ne, akwai maganar da ba ta yiwuwa tsakanina da shi.

Ta yi dariya. "Ni ma ɗan fari ne a gidanmu, shi ya sa duk wahala ni ake kira. Je ka tambaye shi. In ya ce a'a, na rufe fayil, ba zan ƙara damunka ba."

Na je asibiti da rana, lokacin da Inna ta tafi alwala. An kwantar da Baba a ɓarin dama, an tokare bayansa da matasai, fuskarsa tana kallon bango. Na zagaya na tsuguna ta wajen bangon. Ban taɓa kusantar fuskarsa haka ba. Na gaya masa komai: zuwan Madam, yafewar Baffa, lauya, hoto, da waɗanda za su gani. Na gaya masa hujjar Baffa ma yadda ya faɗe ta, ban rage ba, don kada in ja shi zuwa inda nake so. Gaskiya ma ban san inda nake so ba.

Sannan ya fara magana, kalma ɗaya ɗaya, ina maimaitawa yana gyaɗa kai in na faɗa daidai. Abin da ya fara tambaya shi ne, "Na kusa da ni?" Tsohon nan mai aikin kuza yake nufi. Na ce yana can. Ya rufe ido.

Ya ce, "A ɗauka."

Na ce, "Baba, alƙali zai gani. Baƙi za su gani."

Ya ɗaga hannun hagu ya yarfar, kamar mai korar ƙuda. Baƙi ba su dame shi ba. Mu duka mun zaci kunyarsa ta alƙali ce da mutanen ma'aikata. Ashe ba can take ba. Ya nuna ni da yatsa. Ya nuna ƙofar da Inna ta fita. Ya ce, "Ku... a'a."

Sharuɗɗansa ke nan, kuma sun ɗauke mu lokaci kafin in gama fahimta. Wanda zai ɗauka ya zama baƙo, wanda bai san shi ba. Kada a wanke hoton a Jos. Kada ni ko ƙanena ko Inna ko Baffa mu gani, ko yana raye ko bayan ransa. Na so in ce masa ai mun riga mun ga abin da idonmu ranar jajibiri. Na duba fuskarsa na ga ya sani, kuma so yake mu yi kamar ba a yi ba.

Ya ƙara da cewa, "Malam. Fita."

Lauya ta zo da wani mai hoto da ke ɗaukar mata hotunan haɗarin mota, mutumin da ko Hausa ba ya ji sosai. Ita ma ba ta shiga ba. Ta tambayi Baba da kanta daga bakin labule ko ya yarda, wani nas yana shaida, ya amsa, ta fito. Muka tsaya a baranda ni da ita. Ina jin ƙarar kyamara daga ciki, da muryar nas yana cewa a matso da rula. Ta aika da fim ɗin wani gari aka wanke.

Ma'aikatar ba ta yi sauri ba, sai da lauya ta yi ta sintiri. Amma ranar da suka je, ba su sanar ba, kuma ba Juma'a ba ce ko Lahadi. Aka rufe gidan, aka kwashe waɗanda ke ciki zuwa asibiti. An ce mini dukansu, maza da mata, a kan leda aka same su. Tsohon mai aikin kuza nasa gyambon ya kai ƙashi, kuma bai daɗe ba ya rasu. Ko da an je da wuri zai tsira, ban sani ba. Ƙarar kotu kuwa ɗage ta aka yi ta yi, yau lauyan Madam ba shi da lafiya, gobe alƙali ya tafi taro. Ba zan ce mun yi nasara a can ba, ba zan kuma ce mun faɗi ba.

Baba ya dawo gida da damina, ramin ya fara cikowa. Muka samu wani nas namiji yana zuwa wanke ciwon, ƙanena ya rage fita don ya riƙa juya shi.

A unguwa da Katako, abin da aka riƙa tattaunawa ba Madam ba ce. Ita har ana cewa baiwar Allah, an rufe mata hanyar abinci bayan ta durƙusa ta ba da haƙuri. Abin da ake faɗa shi ne ɗan wane ya yi boko ya sa an ɗauki hoton uban a tsirara. Wasu da nake gaisarwa tun ina yaro suka koma amsa mini a daƙile. Wannan ya ci ni fiye da yadda nake so in yarda.

Wata Juma'a Baffa ya zo, ya zauna a bakin gadon, ina daga ƙofa. Bai dube ni ba. Ya ce, "Yaya, ana ta magana a kasuwa. Kowa cewa yake da an bar wa Allah. Ni ban san me zan ce musu ba."

Baba ya yi ta haɗa kalmomin a bakinsa, miyau yana zubowa ta gefen da ya karkace. Baffa ya sunkuya ya kai kunne.

Baba ya ce, "Su zo... su kwanta."

Baffa ya miƙe zaune, ya ɗauki hularsa, ya ce bari ya je kada la'asar ta wuce shi.